Shekarar da Alhaji Ya Zama Alƙalin Masu Tsalle

A shekarar da muka sa sola a gidanmu na Mabera ne gasar nan ta shigo mana falo. Kafin nan talabijin ɗinmu kayan ado ce, a lulluɓe da ƙyalle, sai ranar da aka ga dama aka kawo wuta. Da aka kafa farantin satalayit a kan rufi, ɗiyata ƙarama, wadda ke sakandare a lokacin, ta riƙe rimot ta yi ta yawo da mu ƙasashen duniya, har ta tsaya kan wasu mutane masu gajerun wanduna suna gudu a kan abubuwa masu juyawa.

A wata ƙasar Turawa ake yin ta, mu kuma ana nuna mana kowace Lahadi bayan la'asar. An gina wata hanya ce a saman ruwa. Da farko akwai matakai na soso da ake takawa a guje, sai wani gungume mai juyi da mutum zai rungume, sai zobba a rataye da ake kamawa ana lilo daga wannan zuwa wancan. A ƙarshe akwai wani bango mai lanƙwasa, mutum ya ruga ya haye shi, ya danna maɓalli, hayaƙi ya tashi, jama'a su yi ta ihu. Wanda ya kuskure ya faɗa ruwa, an gama da shi sai baɗi. Kowane mako ana rage su har a kai ga na ƙarshe. Ni ba na jin Turancinsu, karatuna na yaƙi da jahilci ne. Yarinyar ce ke fassara mana abin da ta kama, inda bai kamu ba ta cike daga kanta.

Maigidana mahauci ne ɗan mahauta. Yana da tebur a kasuwa, kuma da kansa yake zuwa kara ya zaɓo san da za a yanka. Ranar farko ya shigo ya tarar muna kallo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mi an nan? Ƙattai da gajeren wando gaban mata? Ku kashe."

Yana tsaye yana jiran a kashe sai wani mai faɗin ƙirji ya zame daga kan gungumen ya faɗa ruwa da baya.

"Kai, wanga bai iya ba," in ji Alhaji. "Ƙahwar hagu ya kamata shi sa gaba."

Bai sake maganar kashewa ba. Lahadin da ta biyo shi ya riga kowa zama. Ya sa aka ja masa kujera tsakiyar falo, ya karɓe rimot daga hannun yarinya, ko da yake bai san inda ake dannawa ba, riƙewa kawai yake yi kamar sandar girma. Mako na uku ya gayyato amininsa, wani dillalin shanu daga Ƙofar Kware, wanda daga ranar bai sake fashin Lahadi ba, kuma bai taɓa zuwa da ko goro ba.

Su biyun nan suka zama alƙalai. Yadda suke duba sa a kara haka suke duba mutum. Da an nuno ɗan gasa yana miƙa kafin ya fara, sai su matso.

"Dibi wuya, Alhaji. Dibi gaba."

"Wanga ya ci dussa ya ƙoshi. Cinya ta cika. Shi na zai haye."

Da hannu na shiga gilashi, da sun ɗaga masa leɓe sun duba haƙora. To, duk wanda suka yaba, ruwa ne makomarsa. Masu wuyan nan da ƙirji, da sun kama zobe na biyu sai nauyinsu ya ja su ƙasa kamar buhun gero. Amma alƙalanmu ba su taɓa yin kuskure ba. Wata rana mai aka shafa wa zoben. Wata rana fitila ce ta haske masa ido. Mafi yawa dai rashin tsari ne. Alhaji yakan nuna da rimot ya ce, "Ka gani? Ko laya guda babu ga damtsenai. Da mi zai haye?"

Daga nan sai zance ya koma kan ƙuruciyarsa. Mu mahauta muna da wasanmu, hawan ƙaho. Ana ɗaure bijimi da igiya a kai da ƙafar baya, ƙarfafa su riƙe, makaɗa su saki kalangu, saurayi ya fito yana kirari ya tsokani san har ya fusata, sannan ya yi tsalle ya kwanta tsakanin ƙahonnin ya rungume wuya, san na jijjiga shi. Alhaji ya yi wannan a zamaninsa, ba ƙarya yake yi ba. Ina yarinya na taɓa ganinsa daga kan katangar gidan kawuna a Minanata, tun ba a yi maganar aurenmu ba. Abin da ya manta shi ne a lokacin siriri ne kamar taɓarya. Yanzu kuwa in zai ɗaura takalmi sai ya nemi kujera, ya huta a tsakani. Amma a bakinsa kullum da wannan jikin ya hau, kuma bijiman suna ƙara girma kowace Lahadi.

Ɗana na fari a lokacin yana da shekara ashirin da biyu, yana taya ubansa a tebur. Shi ya ɗauko jikin da uban ya manta. Ba na kiran sunansa, yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. Haka aka rene mu: ɗan fari ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi, ba a tsaya masa a gaban mutane. Yana ƙarami in ya faɗi, wata ce ke ɗaga shi, ni ina kallon tukunya. In ina son wani abu a wurinsa sai in ce da ƙanwarsa, "Ce ma wancan," ko da yana zaune a gabana. Yaran yanzu suna yi mini dariya a kan haka, amma bakina bai iya wata hanyar ba.

Ubansa kuwa ba shi da wannan nauyin bakin. Tsinken tsire yake ce masa. Duk lokacin da wani ramamme ya fito a gasar, sai ya waiwaya bakin ƙofa inda yaron ke tsayawa ya ce, "Ga ɗan'uwanka nan. Ku irinku in an kai ku kara ba mai tayawa." Dillali ya yi dariya har hularsa ta karkace. Yaron ya yi murmushi ya dubi ƙasa.

A cikin ramammun akwai wani da yarinya ta ce aikinsa wanke tagogin dogayen benaye. Ƙafafunsa kamar na zalɓe, gashi a hargitse. Ranar da ya fara fitowa Alhaji ya ce, "Wanga ko miya ba shi yi." Mutumin ya bi ta kan soson nan kamar ba ya taka komai, ya wuce zobba, ya haye bango, ya danna maɓalli, ya tsaya yana sosa kai. Alhaji ya ce sa'a ce. Mako biyu bayan nan ya sake hayewa. Alhaji ya ce an rage masa tsawon bangon.

A nan na yi kuskurena. Ni da ba na sa baki a zancen maza, sai na ji kaina ina cewa daga inda nake tsinke zogale, "A'a, Alhaji, ramammen nan hwa zai kai ƙarshe. Jikinai bai yi mai nauyi ba." Kowace Lahadi sai na faɗi wata kalma a kansa. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da yabo a baki, sai ga wani Bature mai wanke taga ya ba ni inda zan sauke. Ban dubi bakin ƙofa ba ko sau ɗaya, amma na san ana ji. Kuma an ji, an gane da wa nake, sai dai an ɗauke shi an kai inda ban aika ba.

Da farko reshen bishiyar dogon yaro ta tsakar gida ne ya fara shan wahala. Kullum da safe sai in ga yaron a rataye yana ɗaga kansa sama. Ya karya mini sandar shanya. Na ce a raina motsa jiki ne. Sai wata Lahadi, ana gama shirin, ya shigo tsakiyar falo ya durƙusa gaban ubansa. Wani babban mahauci zai aurar da ɗiyarsa ƙarshen wata, za a yi wasa da hawan ƙaho.

"Baba, na ba da sunana."

Kafin Alhaji ya buɗe baki dillali ya tafa hannu. "Allahu akbar! Ɗan gida ya tashi! Alhaji, ashe tsinken naka da wuta a jikinai."

Na dubi Alhaji. Yatsansa ya danne rimot bai sani ba, tasha ta koma wurin wata mata tana soya ƙwai. Mutumin da ya shafe wata biyu yana ba da labarin bijimai a gaban amininsa, me zai ce? Ya ce, "To, madalla." Muryarsa ta fito ƙarama.

Ni na taɓa ganin abin da ƙaho ke yi. A wasan da na kalla ina yarinya, wanda ya fito bayan Alhaji a kan ƙyauren ƙofa aka fitar da shi, an danne masa ciki da rawani. Su na talabijin ruwa ne a ƙarƙashinsu. Mutum ya faɗa, wasu su tsamo shi, a ba shi tawul, matarsa ta rungume shi, a kawo masa abin magana a tambaye shi yadda ya ji. A filin mahauta ƙasa ce busasshiya, da ƙaho biyu, da ƙattai masu riƙe igiya waɗanda su ma kallo ke ɗauke musu hankali.

Saura ƙasa da wata guda, kuma ba ni da bakin magana. In na ce wa Alhaji ya hana shi, na tsaya wa ɗan fari ke nan, kuma amsar da zan samu na san ta: mata ba su san wasan maza ba. Na aiki ƙanwar ta ce masa ta yi mummunan mafarki. Ya ce ta rage cin wake. Na daina yabon mai wanke taga, har wata Lahadi na ce ni kam na ga ya fara gajiya. Mutumin ya tashi ya haye bango da sauri fiye da kowa, kamar da gayya.

Ana saura mako biyu aka nuna zagayen kusa da na ƙarshe. An canza hanyar, an ƙara wasu sanduna masu santsi. Kafin 'yan gasa su fara sai aka nuna wani mai furfura a gemu yana bi yana nuna yadda ake kama kowane abu. Na tambayi yarinya wane ne, ta ce tsohon ɗan wasa ne, shi ke gwada musu. Ina zuba wa baƙo kunun aya a lokacin. Na ce, a hankali, kamar da kofin nake magana, "Su dai waɗanga suna da kirki. Ba su tura yaro sai babba ya gwada mai yadda aka yi."

Dillali ya cafe. "Ai mu ma ga malami nan zaune. Wa ya kai Alhaji sanin ƙaho garin ga?"

Na ce, "A'a, ku ƙyale Alhaji. Shekaru sun ja. Jikin ba na da ba na."

Na ɗauki tire na fita. Shekara ashirin da huɗu ina zaune da mutumin nan, na san inda ake taɓawa.

A bayan gida muna da wani ɗan bijimi da ake kiwatawa, bai cika shekara biyu ba, ƙahonsa bai wuce tsawon yatsa ba. Dabba ce mai sanyin hali, ƙanwar ma takan sosa masa goshi. Ana gama shirin, tun rana ba ta faɗi ba, Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya sa aka kwance shi daga turke. Dillali ya riƙe igiyar ƙafa, yaron ya riƙe ta kai. Ni ina bakin madafa da ludayi a hannu.

"Ka diba da kyau," in ji Alhaji. "Ido ga ido. Ba ka tsoro, ba ka gaggawa. In ya sadda kai, sannan ka tashi."

Ya yi kirari, kuma wallahi muryar tana nan yadda na san ta. Ya buga ƙafa. San ya ɗago yana tauna, ya dube shi kamar yana jiran a miƙo dussa. Alhaji ya ja da baya taku uku, ya rugo. Zuciyarsa ta yi tsalle, ƙafafunsa ba su samu labari ba. Cikinsa ne ya fara isa, ya daki goshin dabbar. San ya firgita ya kaɗa kai gefe sau ɗaya, yadda yake korar ƙuda, sai ga Alhaji ya juya ya sauka da ƙugu a kan bakin kwamin simintin da ake zuba wa san ruwa. Dillali ya saki igiya. Kafin in ajiye ludayi yana kan katangar banɗaki, babbar riga da komai. A duk masu sharhin bango na gidanmu, shi kaɗai na taɓa gani ya haye ɗaya.

Allah ya sani ba ƙugunsa na nufa ba. So na yi ya tsaya gaban ƙaho, ko ƙarami ne, ya tuna yadda abin yake daga kusa, don daga kan kujera ya daina ganinsa. Amma ba zan ce na yi nadama duka ba, tun da na zauna rubuta gaskiya ne.

Yaron ne ya mayar da san turke, ya dawo ya ɗaga ubansa shi kaɗai, tsinken tsiren nan, ya kai shi ɗaki. Mai ɗori ya zo ya latsa, ya ce ba karaya, amma ƙashi ya goce, sai an kwanta makonni. Masu dubiya suka yi ta zuwa daga kasuwa. Kowa aka ce masa santsi ne a wurin alwala. Dillali yana gefe yana gyaɗa kai, yana cewa simintin zamani ba shi da amana.

Zagayen ƙarshe a kan katifa Alhaji ya kalle shi, an jera masa matasai a falo. Mutum uku suka rage. Biyu suka faɗa ruwa tun a tsakiya. Mai wanke taga ya wuce komai, ya kai ga abu na ƙarshe, wata igiya doguwa da za a hau zuwa ƙololuwar hasumiya kafin lokaci ya cika. Ya hau, ya hau, muna jin numfashinsa. Saura kamu ɗaya ya taɓa maɓalli ƙararrawa ta buga. Shekarar ba wanda ya ci.

"Na hwaɗi," in ji Alhaji.

"Baba, naka tun makon hwarko sunka sha ruwa," in ji yarinya.

Idon Alhaji na kan talabijin. Yana kallon yadda ake sauko da mutumin a hankali daga sama, yana reto kamar jariri a zane. Sai a lokacin muka lura da wata igiya ta biyu a bayansa.

"Dibi," ya ce, ba da kowa ba. "Ashe har ɗamara sunka ɗaura mai. Ko ya saki ba shi hwaɗuwa."

Dillali ya fara wani bayani a kan tsoron Turawa. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya kira yaron daga bakin ƙofa.

"Ranar Assabar tebur za ka tsaya, tun sahe har la'asar sakaliya."

"Baba, Assabar ta wasa. Na ba da suna."

"Ka tai ka amso shi. Ni ina kwance, wa kaka so shi tsaya min? Wanga?" Ya nuna dillali da rimot. "Shi sai da min naman ga mutane bisa katanga?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ya ji tsoro ba, bai ce ya tuna komai ba, har yau bai ce ba. Tebur ne dalili. Ni kuwa ina tsinke zogalena, ban ɗaga kai ba.

Ranar Asabar iska ta riƙa kawo mana kalangu daga nesa, yana zuwa yana ɗaukewa. Alhaji ya sa aka rufe taga, wai hasken na damunsa. Wanda ya hau a madadin yaron, ɗan wani maƙwabcin teburinmu ne, ya sauka lafiya ƙalau ko ƙwarzane babu, aka ɗauke shi a kafaɗa, hotonsa ya zaga wayoyin unguwa kafin magariba. Na gode wa Allah saboda uwarsa. Na kuma san wannan zai fi yi wa nawa ciwo.

Ya shigo gab da kiran salla, sallamarsa a ciki-ciki. Rigarsa duk jini a gaba. Na dubi jinin sosai, daga wuya har ƙasa, na ga na tebur ne, irin na kowace rana. Ya aje ledar naman miya a bakin madafa, taku biyu daga inda nake zaune, ya juya wurin ƙanwarsa.

"Ce ma Inna ita tac ci gasar bana."

Yarinya ta dube ni, tana danne dariya. Na jawo ledar na kwance, hanta ce da ƙoda, waɗanda ya san na fi so.

Na ce, "Ce mai shi tuɓe rigar in jiƙa, kahin jinin shi bushe."